Hanyar Panya

Hausa harshe ne na mutanen tudu. Kalmominta na fatauci a ƙasa suna da yawa: ayari da madugu da jagaba da zango da mangala. Da an iso bakin teku kuwa sai ta koma neman taimako a cikin abin da take da shi. Jirgi a asali shi ne kwale-kwalen da ake fito da shi a kogi, daga baya aka miƙa sunan ga na ƙasa da na sama, har ya zama sai an ce jirgin ruwa kafin a gane na ainihin ake nufi. Filafili itacen tuƙi ne, sai aka ɗora shi kan ƙyallen da iska ke turawa. Tsibiri ma, idan aka ambace shi a Maraɗi, garin Gobirawa ne zai fara zuwa zuciyar mai ji, ba wata ƙasa da ruwan gishiri ya kewaye ba.

Duk da haka teku ta ci Hausawa da yawa, ta kuma ciyar da wasu. A Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde da ke maƙwabtaka da kasuwar Mokolo, tsofaffi ba su manta da wannan ba. Unguwar ta samo sunanta ne daga wurin yin bulo na zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, fatake kuma suka biyo sawu. Yau an fi saninta da teloli da masu aikin wuya da tsiren da mutanen Kamaru ke kira soya. Amma a da, zango ce a kan hanya. Wasu suka sauke kaya a nan, wasu suka zarce Duwala, wasu kuma suka tsallaka zuwa tsibirin da ake ce wa Panya.

Panya shi ne Fernando Po, Biyoko a yanzu, kuma sunan lalatacciyar kalmar España ce a bakin 'yan ƙwadagon Najeriya da aka riƙa kai wa gonakin koko, musamman bayan yarjejeniyar da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942. Yawancin leburorin daga kudu maso gabashin Najeriya suke. Bahaushe ya je ne da sana'arsa ta gado, wato talla da fawa da malanta.

Akwai wani tsohon tela a Briketeri da mahaifinsa ya bi wannan hanya yana ɗan shekara bakwai. Ya tafi da huluna da kayan fata, ya aiko da saƙo sau biyu, daga nan shiru. Da aka kwashe 'yan Najeriya daga tsibirin a 1975 da 1976, lokacin mulkin Macías Nguema, uwar gidan ta sa ran ko zai ɓullo, bai ɓullo ba. Har ta rasu ba a raba gadonsa ba, don ba wanda ya iya cewa ya mutu. Telan ya shekara sama da sittin ba ya son jin sunan tsibirin.

Jikansa ne, wanda ke aiki a Duwala, ya zo da maganar. Ya samu labarin wani Bature mai ƙaramin jirgin filafili da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido na mako guda, daga Kiribi zuwa Limbe, a ƙare a Malabo. Ya biya kuɗin mutum biyu kafin ya faɗa.

"Baba Tsoho, hutu za mu je. Ko kana tsoron ruwa ne?"

"Kai ɗan nema, tela yana hutu ne? Wanda ya huta ai allurarsa ta yi tsatsa."

Amma ya ɗinka wa kansa sabuwar riga, ya ɗauki carbi da goro, bai gaya wa kowa a masallaci inda za shi ba.

Kiribi ba ta ɗauki hankalinsa ba. An nuna musu hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da kogin Lobe inda yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, sauran fasinjojin suna ta ɗaukar hoto. Shi abin da ya tsaya kallo shi ne filafilin. Ya shafa ƙyallen, ya bi layin ɗinkin da ɗan yatsa, ya ga yadda aka ninka kusurwoyi aka yi musu ɗinki mai kai da komo don kada iska ta yage su, ya ce wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Daren farko ya yi fama da jiri da amai. Da safe ya tambayi alƙibla, matuƙin ya nuna masa arewa maso gabas, ya yi sallarsa a zaune.

Watan Disamba ne, iska ba ta da ƙarfi, jirgin yana tafiya kamar raƙumi mai kaya. Suka wuce bakin kogin Wuri, wanda 'yan Fotugal suka kira kogin jatan lande a wajen 1472, sunan da ya rikiɗe ya zama Kamaru. A nan sarakunan Duwala suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa a watan Yulin 1884, a nan kuma aka rataye Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan 1914. Takardar da aka raba wa fasinjoji tana kiran waɗannan wurare garuruwan tarihi masu ban sha'awa. Kalmar ba ƙarya ba ce, sai dai ta yi wa abin sauƙi da yawa.

Limbe ta fi kyau nesa ba kusa ba. Yashinta baƙi ne saboda aman dutsen Kamaru, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma ƙananan tsibirai sun watsu a mashigin Ambas kamar shanun da suka kwanta. Alfred Saker ne ya kafa garin a 1858 da sunan Viktoriya, bayan da Sifaniyawa suka hana mishan ɗinsa aiki a Fernando Po, sai a 1982 aka mai da shi Limbe. Kusa da nan ne Bimbiya take, inda har yanzu akwai kufan gine-ginen da ake tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Tsohon ya zauna a kan wani dutse a wurin, bai shiga hoto ba. Bayin Bimbiya akasari daga yankunan da ke bayan gaɓar nan aka kawo su, amma ya san cewa Hausawa ma sun bi irin wannan ƙofa a gaɓar Ikko da Dahomi. Wasunsu sun ƙare a Bahiya ta Birazil, inda suka yi tawaye a 1807.

Ga mai nazarin Hausa, wannan ruwa yana da wani matsayi da ba kasafai ake ambata ba. Turawan Ingila sun kafa Fot Kilarens, Malabo ta yau, a 1827. Richard Lander, wanda ya raka Clapperton zuwa Kano da Sakkwato, a tsibirin ya mutu a 1834. Ayarin jiragen da ya hau Kwara a 1841 nan ya komo da majinyatansa, kuma a cikinsa akwai J. F. Schön, wanda ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843. Daga nan ne kuma Baikie ya tashi a 1854 ya hau Binuwai. Ke nan boko ya fara riskar Hausa ta ɓangaren teku, daga bakin 'yantattun bayi, tun kafin ya same ta a Kano.

Daga Limbe, idan gari ya washe, ana hango ƙololuwar dutsen Biyoko. Su ba su hange shi ba sai da suka matso, domin hazo ya rufe teku, hazon nan dai na hunturu da ke tasowa daga arewa. Tsohon ya ce ashe har nan yake biyo mutum.

A Malabo sauran fasinjoji suka nufi babbar majami'ar Santa Isabel da tsofaffin gidaje masu baranda. Shi da jikansa suka nemi masallaci. Ba su sha wahala ba, don a ƙasar kusan duk Musulmi ɗan kasuwa Bahaushe ake ce masa. Bayan la'asar aka haɗa shi da wasu dattawa biyu da aka haifa a tsibirin, masu Hausa mai tsabta da ke gauraye da Sifaniyanci wajen ƙirga da rantsuwa. Ya faɗi sunan mahaifinsa da laƙabinsa da sana'arsa. Ɗayan ya yi shiru, sannan ya ce yana yaro akwai wani mai huluna mutumin Yawunde da ke zama a zauren limamin wancan lokaci, mai tsaga uku a kumatu, wanda ciwon ƙirji ya kashe tun Sifaniyawa ba su tafi ba, wato kafin 1968. Tsohon ya ce mahaifinsa ba shi da tsaga a kumatu, a goshi take. Dattijon ya ce shekarun da nisa, mai yiwuwa ne ya haɗa mutum biyu.

Suka raka shi maƙabarta duk da haka. Tsofaffin kaburburan ba su da suna, ciyawa ta haɗe su, ruwan saman tsibirin ya baje tudunsu. Ya tsaya a gefen da aka ce na mutanen da ne, ya yi addu'a ga duk wanda ke kwance a wurin. Jikan ya tambaye shi a hankali ko za a sanar da dangi cewa an samu.

"Ka ce musu an samu labari. Sauran sai mun tambayi malamai."

Washegari jirgin ya ɗaga da hantsi. Wani ɗinki ya saki a gefen ƙaramin filafilin gaba, matuƙin ya fito da allurarsa mai kauri da zaren da aka shafa wa kakin zuma. Tsohon ya miƙa hannu ya karɓa.