Tokar Katakon da Aka Yi wa Maganin Gara

A Gurbin Bore, kamar sauran garuruwan ƙasar Zurmi da Shinkafi, shiga daji neman itacen girki ya zama kasada tun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan yankin. Itace ya yi tsada, don haka duk abin da zai ci wuta murhu ne makomarsa: guntayen katakon rufi da kafinta ya bari, karyayyen benci, tsohuwar falwayar katako da iska ta kayar.

Sai dai katakon gini ba ɗaya yake da itacen daji ba. Kafintoci kan shafe shi da Solignum ko baƙin man inji don gudun gara. Falwaya kuwa tun daga masana'anta ake ɗura mata magani, ko dai baƙin mai wari irin na kwalta, ko wani haɗi na tagulla da kuromiyam da arsenik mai bar wa katako launin kore-kore. Arsenik guba ce da aka tabbatar tana haddasa ciwon daji, shi ya sa Amurka ta daina amfani da wannan haɗi a mafi yawan katakon gidaje daga ƙarshen 2003.

Wuta ba ta cinye waɗannan sinadarai. Wani kaso yana bin hayaƙi zuwa huhun mai girki da goyon da ke bayanta, saura kuma ya taru a toka. Nan ne babban haɗarin, domin a gidan Bahaushe toka ba shara ba ce. Da ita ake goge tukunya, ana cuɗa ta da wake don kare shi daga ƙwari, ana tace ruwanta a zuba a miya, ragowar kuma ta bi taki zuwa gona. Jihar da ta rasa yara sama da 400 a gubar dalma ta Anka da Bukkuyum a 2010 ta san abin da ƙura mai guba ke yi wa ƙananan yara.

Irin wannan katako ya fi dacewa da shinge ko turken rumfa, ba murhu ko tukubar mai tsire ba, ba kuma kwamin dabbobi ba. Idan an riga an ƙona shi, a yayyafa wa tokar ruwa kafin a kwashe don kada ta tashi, a binne ta nesa da rijiya da gona.