Shirun Da Muka Koya Mata

A Kumagannam muka tashi gida ɗaya da wata 'yar ƙanwar mahaifiyata. Tana shekara tara, wajen tallar goro, wani magidanci ya yi mata fyaɗe. Manya suka taru suka ce a rufa asiri, kada ta rasa miji. Ni ma aka ja mini kunne, na kuwa kama bakina.

Da ta isa aure aka kai ta Gashuwa. Mijin ya lura ba ta kai ƙara, sai duka ba dare ba rana. Bayan ya sake ta ta tafi aikatau Nguru, can ma maigidan ya ci mutuncinta. Mutane suka ce rashin sa'a ke bin ta.

Ni ban yarda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cin zarafin ƙuruciya cikin abubuwan da kan sa mace ta sake faɗawa hannun azzalumi. Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara tun 2003, amma a gidanmu ba wanda ya nufi alƙali.

Bara na tambaye ta abin da ya hana ta gaya mana. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ku kuka ce in yi shiru."