Melegnano, Garin da Ya Haɗa Abokan Gaba a Kabari Ɗaya

Harkar kayan gini ce ta ɗauke ni daga Jiwa zuwa Milan, a arewacin Italiya, amma abin da na fi ba mutane labari tun da na dawo ba a kasuwa na gan shi ba. A wani ƙaramin gari ne mai suna Melegnano, kimanin kilomita 16 kudu maso gabas da birnin, kan hanyar Lodi. Jirgin ƙasa ke kai mutum, ta cikin gonaki shimfiɗaɗɗu da aka tsattsaga da magudanan ruwa, ko tudu ɗaya babu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara, har mutum ya ƙosa da jiran magariba.

Titin da ya ɗauke ni daga tasha zuwa tsakiyar gari sunansa Via Zuavi, don tunawa da Zuavi, wasu sojojin Faransa da aka fara kafa rundunarsu a Aljeriya. Ko bayan da rundunar ta koma ta Turawa zalla ba su bar shigar Larabawan Magrib ba: jan wando buje, gajeriyar riga, jar dara a ka. Da wannan shiga suka mutu a titunan garin ranar 8 ga Yuni, 1859.

Ga yadda abin ya faru. Sarkin Faransa Napoleon na Uku ya haɗa kai da Victor Emmanuel na Biyu, sarkin Sardiniya, don su kori Ostiriya daga lardin Lombardi. Ranar 4 ga Yuni suka ci ta da yaƙi a Magenta. Rundunar Ostiriya ta juya gabas, ta bar birged ɗaya ƙarƙashin Janar Roden a Melegnano, aikinta kawai ta tsare baya a mashigar kogin Lambro har sauran su yi nisa. Da safiyar ranar 8 sarakunan biyu suka shiga Milan ana ta shewa. Da yammacin ranar Mashal Baraguey d'Hilliers ya iso bakin Melegnano da sojojin Faransa.

An tsara wani kwamandan Faransa, MacMahon, zai zagayo da tasa rundunar ya toshe wa mutanen Ostiriya hanya, amma Baraguey bai jira ba. Magudanan nan da na gani ta tagar jirgi su suka hana Faransawa bazuwa, dole suka biyo titi a jere, harsashi na cin na gaba. Mutanen Ostiriya sun laɓe a maƙabarta, da bayan shingaye, da tagogin gidaje. Aka koma banati, lungu-lungu, har dandalin tsohuwar fadar garin, wadda ke tsaye har yau da jan tubalinta. Kanar Paulze d'Ivoy, shugaban Zuavi, a nan ya faɗi. Ana cikin haka hadari ya taso, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, dare ya rufa, 'yan Ostiriya suka sulale zuwa Lodi. Faransa ta rasa kusan mutum dubu, matattu da masu rauni. Ostiriya ta rasa fiye da haka, akasari kamammu.

Wannan jini bai sauya komai ba, tunda dama masu garin a hannu shirin barinsa suke yi. Babbar karawar sai ranar 24 ga wata a Solferino, inda halin da Henry Dunant ya ga masu rauni a ciki ya kai ga kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. Garin kansa yana da yaƙin da ya fi wannan suna, na 1515, lokacin da Faransa ta karya sojojin Suwizalan.

Duk da haka mutanen Melegnano ba su yar da faɗan yamma ɗaya ba. A 1904 suka buɗe wani gini na dutse, suka tattaro ƙasusuwan mamatan ranar suka ajiye a ciki, na Faransa da na Ostiriya tare. Ga Musulmi, tono mamaci abu ne mai nauyi a zuciya. Amma na daɗe tsaye ina jinjina abin: wanda ya zo ceton garin da wanda ya mamaye shi, gida ɗaya aka ba su, ga yara na wucewa a keke.

Mu ma muna da irin wannan tarihi. A farkon ƙarni na 19 Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya, mayaƙan jihadi na biye da shi, ya sauka Zuba, nan kusa da mu. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali a 1828, wato Suleja ta yau. Runduna ba ta tsira daga kora sai da waɗanda suka tsaya a baya. Labarin irinsu a bakin tsofaffi yake, ga shi kuma birni na cinye filaye daga Dei-Dei har Zuba. Ya kamata masarautunmu su zauna da dattawan nan tun suna raye, a nuna wuraren da suka tsaya, a kafa ko da allo ne mai suna da shekara, kafin a yanka su fuloti.