Riƙon ƙarfe a Tudun Wada

Daga Giwa na shiga mota da sassafe, ɗauke da sandar injin niƙan ƙanwata a buhu, wadda ta cinye daidai mazaunin boris. Muka bi ta Shika da Samaru, na sauka Kwangila, Keke Napep ya ratsa da ni Sabon Gari, ya haye Kubanni zuwa Tudun Wada. An fi sanin unguwar da takarda, tunda nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, amma ni ƙarfe ya kai ni.

A shagon masu tona, wato masu sassaƙa ƙarfe a inji, sai da mai walda ya cike inda ya cinye, aka bari ya huce. Yaron shago ya cusa sandar a bakin injin mai haƙora uku, ya ɗaure, ya nemo bututu zai ƙara wa makullin tsawo. Maigidan ya daka masa tsawa.

"Kai yaro, kwance! Ka goge ta?"

Bai goge ba. Baƙin mai ne jikinta duka. Aka wanke da kalanzir, aka bi da busasshen tsumma, har cikin haƙoran, inda ɓurɓushin ƙarfe yake maƙalewa.

"Malam, mai a boris magani ne, a nan kuwa cuta," in ji maigidan.

Gaskiyarsa. Haƙoran matsawa kawai suke yi. Abin da ke hana sandar zamewa idan wuƙa ta kama ta shi ne cizon da fuskar ƙarfe ke yi wa ƙarfe. A bais mai muƙamuƙi biyu, idan cizon ya kai kashi 20 cikin 100 na matsin, tare turin kilo 100 yana bukatar matsin kilo 250. Idan mai ya rage cizon da rabi, sai ka nemi 500. Daga nan ake ɗauko bututu, a lalata zaren makulli, haƙora su bar tabo a jikin aiki.

Abin da ya fi burge ni zobe ne siriri da maigidan ya fara yi wa wani bayan ya gama nawa. Irin wannan idan aka matse shi da ƙarfi, ramin zai fito da'ira a kan inji, ana kwancewa ya koma mai kusurwa uku. Sai ya sa shi cikin wani zobe mai kauri da aka tsaga, ya ɗaure da hannu ɗaya, ya riƙa ɗibar ƙarfen kaɗan-kaɗan.

Bayan La'asar aka ɗauke wuta, shi kuwa zoben saura yanka biyu, mai shi ya zauna jira. Ni na kama hanyar Kwangila.