Baƙunci a Sabon Gida

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ba mu san nauyin wannan karin magana ba sai ranar da tsohuwar kwamfutarmu ta kwanta, muna tsakiyar tattara kalmomin Hausa domin kundin kammala karatu.

Ita tsohuwar, tsarin Linux ne ke gudanar da ita. A baƙin allonta muke rubuta umarni, manhajar bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, tana karɓa tana zartarwa. Mu ce da grep ta zaƙulo kalma daga rubuce-rubucen da muka tara, ta miƙa wa sort ta jera, ita kuma ta miƙa wa uniq ta ƙirga. Layi ɗaya tak, aikin wuni ya ƙare kafin shayi ya huce.

Sabuwar da muka samu kuwa da Windows ta zo. Muka buɗe zaurenta na umarni, wato cmd, wanda ya gaji ɗabi'un MS-DOS, muka rubuta grep. Ya ce bai san wannan suna ba. Muka buɗe jerin kalmominmu, sai ga haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun rikiɗe sun zama wasu alamomi marasa kan gado. Hankalinmu ya tashi ƙwarai, domin jerin da bai bambanta baƙi da baki ba, ko ƙasa da kasa, ba zai tsaya gaban malami ba. Ashe rashin sani ne namu, wanda ya fi dare duhu: rubutun yana nan lafiya a tsarin UTF-8, zauren ne ke karanta shi da tsohon ma'auni, kuma umarnin chcp 65001 yana daidaita su.

Haruffa sun dawo, amma hannu bai daina kewar abin da ya saba ba. Muka gwada PowerShell, wanda ya fito a 2006. Alal haƙiƙa gwani ne, sai dai shi ba tsurar rubutu yake miƙawa daga umarni zuwa umarni ba, abubuwa ne masu sassa da sunaye. Koyonsa sabon harshe ne, ga shi lokaci ya ƙure mana. Muka leƙa Cygwin, wanda tun 1995 yake kawo kayan aikin Unix cikin Windows. Daga bisani muka yada zango a WSL, tsarin da aka shigar cikin Windows 10 a 2016, mai ba Linux masauki a cikin gidan Windows. Muka girka Ubuntu, muka tarar da fayilolinmu a ƙarƙashin /mnt/c, muka rubuta tsohon layinmu da fargaba. Kalmomi suka zubo a jere, kowace da adadinta, kowace ƙa da lanƙwasarta.

A nan muka gane cewa abin da muka yi kewa ba ƙarfe ba ne, harshen da yatsunmu suka haddace ne. Saboda haka, ya ɗan'uwa ɗalibi, duk ranar da ƙaura ta kama ka daga wani tsari zuwa wani, kada adon allo ya ɗauke maka hankali. Fara tambayar zauren umarninsa abu biyu: shin yana jin yaren da ka iya, kuma yana riƙe haruffan Hausa da amana? In ya amsa, shimfiɗa tabarmarka.