Keken Jariri a Garin Keffi: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Saya

 

Yau maganar cikin gida na zo da ita, wato maganar keken jariri, irin wanda ake kwantar da yaro a ciki a riƙa turawa. Na san abin da da yawanmu za su fara faɗa: ina ruwan Bahaushe da keken jariri, ga zani ga majanyi? Wannan gaskiya ne, kuma ni ma a bayan uwata na girma. Amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya ji inda na dosa.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne. A can gida, idan mace ta haihu, ba ita kaɗai ke raino ba. Ga kaka, ga ƙanne, ga matan yayye, ga 'yan matan maƙwabta da ke rige-rigen goyo. Uwa za ta je unguwa ta dawo ba ta ma san a bayan wa yaronta ya yi barci ba. A nan kuwa, akasarinmu ciki da falo ne a gidan haya. Maƙwabcin dama ɗan Eggon ne, na hagu Tibi ko Ibo, mutanen kirki, amma kowa da sammakonsa. Maigidan da ke aiki a Abuja, tafiyar kusan kilomita 50, tun da asuba yake fita don ya tsere wa cunkoson Mararaba da Nyanya, sai bayan isha'i a sake ganinsa. Uwargida ita ce mai girki, ita ce mai cefane, ita ce mai kai yaro awo. To hannu ɗaya fa ba ya ɗaukar jinka.

Mu abin da ya kai mu ga neman keke shi ne haihuwa ta biyu, wadda ta zo da tiyata alhali na farin bai cika shekara biyu ba. Likita ya hana ɗaukar abu mai nauyi na makonni, kuma duk wadda ta taɓa goyo ta san cewa ƙullin majanyi a kan ciki yake zama, kusa da wurin ɗinki. Mahaifiyata ta zo ta yi mana arba'in, amma dole ta koma don ita ma tana da gidanta. Ni kuma namiji ne, al'adarmu ba ta ba ni zani ba, iyakata in saɓa yaro a kafaɗa har hannu ya yi tsami. Da na kawo maganar keke, sai Inna ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu angon nawa za ku zuba a baro kamar buhun masara?" Na ce, "Inna, da kina nan kullum ai ba ma buƙata." Sai ta yi shiru. Abin da keken ke maye gurbinsa ke nan a wurinmu: hannayen dangin da muka baro a gida.

To amma ba kowane keke ne zai yi aiki a Keffi ba. Yawancinsu an ƙera su ne don garuruwa masu shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa da manyan kantuna. Abin da na koya shi ne, kafin ka dubi launi ko sunan kamfani, ka fara duba abubuwa uku: motar da kake shiga, ƙofar da kake wucewa, da ƙasar da kake takawa.

Mu fara da mota. A cikin gari, acaba ne da Keke Napep. Acaba dai a cire shi a lissafi, ba a haɗa jariri da keke da babur. Keke Napep kuwa mutum uku ne a baya, ɗan gurbin da ke bayan kujera kuma bai fi na buhu guda ba. Motocin Keffi zuwa Abuja, kowa ya sani, huɗu ne a baya, but ɗin kuma ya cika da doya da buhunan gawayi har sai an ɗaure da igiya. Idan kekenka ba ya naɗewa ya zauna a cinya ko a tsakanin ƙafafu, direba zai ce kuɗin kaya, wani ma ya ce kuɗin kujera, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kujera guda ta zama abin lissafi. Ka kuma tuna da gadojin masu tafiya a ƙasa da ke kan wannan hanya, inda dole a ɗaga keke a hau matakala. Saboda haka nauyi shi ne farko: kilo 6 zuwa 7 ya isa. Na biyu, ya zama ana iya naɗe shi da hannu ɗaya, domin ɗayan hannun yana riƙe da yaro, kwandasta kuma ba ya jira. Idan yana da igiyar ratayawa a kafaɗa, to madalla. Inda keken ke biyan kuɗinsa sosai shi ne cikin Abuja, domin tun shekarar 2006 da Malam Nasiru El-Rufa'i, yana ministan birnin, ya hana acaba a tsakiyar gari, tafiyar ƙafa daga inda mota ta sauke ka zuwa asibiti ko ofis ta zama dole, ga shi kuma akwai hanyar da taya za ta gangara.

Sai ƙofa. Keffi tsohon gari ne. Abdu Zanga, wanda ya kafa shi wajen shekarar 1800, shi ma daga ƙasar Katsina ya taso, kuma ana cewa sunan garin daga kafi ya samo asali. Duk wanda ya shiga cikin gari, wajen Tudun Kofa ko Liman Abaji, zai ga tsarin da ya saba da shi a gida: lungu, zaure, dokin ƙofa, da shigar da sai ka lanƙwasa. Shagunanmu ma haka suke. Kemis ko kantin kayan masarufi, ƙofa guda ce, rabinta buhun shinkafa da katan-katan sun cinye, a gabanta kuma ga kwata da aka gitta wa katako. Shawarata a nan mai sauƙi ce: ka ari tef ɗin tela, ka auna ƙofar ɗakinka, da ta gidan, da ta shaguna biyu ko uku da uwargida ta fi zuwa, ka rubuta a takarda ka tafi da ita kasuwa. Ƙananan kekuna faɗinsu kan tsaya tsakanin santimita 45 zuwa 50, manyan kuwa kan kai 60 ko fiye. Wannan ɗan bambanci shi ke raba wadda za ta shiga shago da ɗanta da wadda za ta bar shi a bakin titi tana waiwaye. Masu tagwaye ko 'yan tazara kaɗan su guji mai kujera biyu gefe da gefe, ba ƙofar da zai wuce.

Na uku, ƙasa, kuma a nan ne lissafin ke rikicewa. Keken da ya fi ƙanƙanta shi ya fi ƙananan tayoyi, ƙaramar taya kuwa ba ta shiri da yashi, ba ta shiri da tsakuwa, balle taɓon damina. Da zarar ka sauka daga kwalta ka shiga layin unguwa, sai ka ga kana jan keke maimakon turawa. Mai manyan tayoyi yana ratsa ko'ina, amma ba ya shiga mota. Dole a ɗauki tsaka-tsaki. Ka nemi tayar roba curarriya wadda ba ta buƙatar iska, don kada ka koma abokin mai faci. Ka tabbata tayoyin gaba suna juyawa kuma ana iya kulle su su miƙe, domin a yashi kullewar ce ke taimako.

Bari in ɗan yi bayanin nau'o'in da za ka tarar. Na farko shi ne mai naɗewa kamar laima. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, Owen Maclaren, shi ya ƙirƙiro shi a 1965, bayan ya ga wahalar da 'yarsa ta sha da ƙaton keke a tafiyar jirgi. Ya yi amfani da sandunan alminiyom, nauyin keken kusan kilo 3, aka fara sayar da shi a 1967. Wannan nau'i idan an naɗe yana da tsawo kamar sanda, amma siriri ne, yana tsayawa a tsakanin gwiwoyi a cikin bas. Na biyu shi ne mai ninkewa ya koma kamar jaka, irin su Babyzen Yoyo, wanda idan an ninke shi yake komawa santimita 52 da 44 da 18, nauyinsa kusan kilo 6, ko GB Pockit da ya fi shi ƙanƙanta. Waɗannan suna zama a cinya daram, sai dai an yi su ne da filin jirgi a zuciya, ga tsada, kuma kwaikwayonsu ya cika kasuwa. A nawa ganin, ga mai shiga Keke Napep kullum, mai ninkewa ya fi. Ga mai bin layukan unguwa da motar haya, mai laima mai ɗan kaurin taya ya fi juriya.

Akasarinmu gwanjo za mu saya, wajen masu kayan yara a Mararaba ko kasuwannin Abuja, kuma ba laifi ba ne. Amma araha ba ta ado. Kada ka bari mai kaya ya buɗe maka ya rufe da hannunsa. Ka karɓa ka yi da kanka sau biyar. Ka taka birki ka tura ka ga ko yana riƙewa. Ka duba bel, ya zama mai ɗauri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Ka duba sanduna, domin alminiyom idan ya tsage ba kowane mai walda ke iya gyara shi ba. Ka kuma kula da gaɓoɓin da ke lanƙwasewa. A watan Nuwamban 2009, kamfanin Maclaren ya yi shelar gyara kusan kekuna miliyan ɗaya a Amurka, bayan rahotannin yara 12 da gaɓar keken ta datse wa kan yatsa, aka riƙa raba murfin yadi na rufe wurin. Tsofaffin kaya irin waɗannan su ne ke gangarowa kasuwanninmu. Don haka ƙa'ida ita ce, yaro ya yi nisa duk lokacin da ake buɗewa ko naɗewa.

Akwai kuma abubuwan da iyaye mata za su kiyaye. Jaririn da bai kai kimanin wata shida ba, wuyansa bai yi ƙwari ba, sai keken da ke kwanciya sosai. Mai kujera a tsaye ba nasa ba ne. Kada a rataya ledar cefane a mariƙi, domin yana iya rinjayar keken ya kife ta baya. A sa a kwandon ƙasa. Kada a lulluɓe keken da zani don kare rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin ciki yakan koma kamar tanda. Rumfar keken da gidan sauro sun wadatar. A kuma tuna cewa yaron da ke cikin keke hancinsa kusan daidai yake da salansar babur, don haka a bakin babban titi gara a bi can gefe.

Mu dai mai laima muka saya, na hannu, mai kwanciya. Kuma bai kori zani daga gidanmu ba. Da uwargida ta warke, sai tsarin ya zama ƙaramin a baya, babban a keke. Ranar da kasuwa ta cika, keken a gida yake kwana, domin a cikin turmutsutsu ba abin da ya kai goyo. A cikin mota ma yaro a jiki yake, keken na naɗe. Masana lafiya su ma ba su raina haɗa jikin uwa da na ɗa ba: tun 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya suka fara ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan hanya. Abin da iyayenmu suka gada bai tsufa ba.

Ribar da na fi gani ita ce ta ɓangarena. Ranar Asabar nakan tura yaran mu je wajen mai shago, mu biya ta wurin mai lemo, uwarsu ta samu barcin awa biyu. Ana kallona, ba shakka. Wani dattijo ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Malam, ina uwar yaran?" Na ce, "Baba, tana hutawa." Ya yi dariya ya ce, "To Allah Ya yi albarka." Ina kira ga 'yan uwana magidanta da mu rage jin kunyar wannan. Mu muka ɗauko 'ya'yan mutane muka kawo su inda ba uwa ba ƙanwa, ya kamata mu ɗauki wani ɓangare na nauyin.

A ƙarshe, wanda Allah Ya ba hannaye a gida, ko matarsa na da ƙoshin lafiya kuma yaro ɗaya ne, ba sai ya saya don a gani ba. Kuɗin ya fi amfani a wani wurin. Wanda kuwa larura ta kama, tiyata ce ko tagwaye ko ciwon baya, ya ɗauki tef ya yi awo, ya tafi kasuwa da mai amfani da keken, ita ta naɗe ta ɗaga da hannunta kafin a biya. Idan yaro ya girma, a miƙa wa na baya a cikinmu, kada a bar shi ya yi tsatsa a bayan ɗaki.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya, Ya sa mu gama da ƙasar nan lafiya. Sai mun sake haɗuwa.