Tsohon Ƙarfe a Hannun Usɗa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, sojojin Birtaniya ba su iya kwashe komatsansu duka daga Masar ba. Aka shiga gwanjon abin da ya rage: manyan motoci, tayoyi, jarkoki, injuna, har da barguna. Kaya mai ɗimbin yawa ya kwarara Wikalatul Balah da ke unguwar Bulak a gefen Kogin Nilu, kasuwar da a yau aka fi sani da gwanjon tufafi, amma a wancan zamani sunanta ya fita ne da cinikin tsohon ƙarfe. Har wasan talabijin aka yi a tsakiyar shekarun 1990, inda Nur al-Sharif ya fito a matsayin talakan da ya zama hamshaƙin ɗan gwangwan a wannan kasuwa.

Cikin yaran da suka taso suna ɗaukar sifana da wankin noti a lungunan Bulak a farkon shekarun 1960 akwai wani da yanzu ya haura saba'in. Garejinsa na Hirafiyyin, unguwar makanikai da masu kayan gyara a arewa maso gabashin Alƙahira. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba zai yi baƙunta a wurin ba, sai dai girman ya ninka. Kowa Usɗa yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk ogan sana'a a ƙasar. Aikinsa na yau da gobe bai bambanta da na maƙwabtansa ba, amma in aka samu tsohuwar jif ta soja da ta gagari kowa, wurinsa ake jawo ta.

Motar da ya fi ƙauna ita ce Willys MB da tagwaniyarta Ford GPW. Kamfanin Bantam ne ya fara fito da samfurin a 1940, amma da sojan Amurka ya buƙaci motar da yawa, sai aikin ya koma hannun Willys na birnin Toledo da kuma Ford. Tsakanin 1941 da 1945 Willys ya ƙera kimanin 360,000, Ford kuma kimanin 280,000. Injinta mai fistin huɗu ne, lita 2.2, ƙarfin doki 60, giya uku gaba ɗaya baya, da wata giyar ƙarfi ta daban don rairayi da hawa. Ba ƙofa, tankin mai a ƙarƙashin kujerar direba, shebur da gatari a ɗaure a gefe, waifa kuwa da hannu ake juya ta. Fitilun gaba ma ana iya kwance su a juyo da su baya su haska injin, don makanike ya yi aiki da dare.

Abu na farko da Usɗa ke hana yaransa shi ne saurin kwancewa. In mota ta shigo, sai ta yi kwanaki ba a sa mata sifana ba. Kananzir da burushi kawai. Yakan zauna a kan tsohuwar taya da kofin shayi yana sa yaro ya goge kan kusoshi ɗaya bayan ɗaya, saboda Ford ya riƙa buga harafin F a kusan kowane ƙarfe da ya ƙera, har kan noti da kusa. Daga nan ake gane wace ce wace. Kuma a iya saninsa, da wuya a ga wadda ta zo da kayanta na asali kaf. Tun lokacin yaƙi ake cakuɗa su, domin an tsara kayan Willys su shiga Ford, na Ford su shiga Willys, kuma manyan wuraren gyara na sojan Birtaniya irin na Tal al-Kabir ba su da lokacin tambayar dangin kowace kusa. Daga baya kayan Hotchkiss, wanda ya ci gaba da ƙera motar a Faransa daga tsakiyar shekarun 1950, suka shigo suka ƙara dagula lissafi. Don haka in mai saye ya zo yana hura hanci wai shi tsantsa yake so, Usɗa kan ce masa haɗin gambizar nan shi ne tarihin motar. Abin da ba ya yafewa shi ne a goge lamba a buga wata don a tsuga kuɗi.

Daga nan sai maganar ƙura, wadda a nan ne bakinsa ya fi buɗewa. Daga Maris zuwa Mayu iskar hamsin takan taso daga sahara ta turnuƙe Alƙahira, kuma yashin da ke cikinta in ya shiga injin, cin ringi da silinda yake yi a hankali har mota ta fara hayaƙi. Jif ɗin yaƙi ba ta da matatar iska ta takarda irin ta motocin yanzu. Tata wani gwangwani ne mai ɗan kwano a ƙasa da ake zuba baƙin mai. Iska ta shigo ta bugi man, ƙura ta nutse, sannan iskar ta bi ta cikin ragar waya ta wuce kafireto. Usɗa kan kwance kwanon a gaban mai mota, ya sa yatsa ya kwalfo taɓon da ya taru a gindi, ya shafa masa a tafin hannu ya ji ƙasar da kansa. Sai ya wanke da kananzir, ya zuba sabon mai daidai layin da aka zana, kada ya wuce, domin in ya yi yawa injin zai zuƙe shi. Aikin minti goma ne, kuma a ganinsa yawancin injunan da ake kawo masa a mace sakaci da wannan kwano ne ajalinsu.

Zafi kuwa tun kafin a haifi jif aka samo masa dabara a wannan ƙasa. Ralph Bagnold, hafsan sojan Birtaniya da ya yi ta kutsawa saharar yamma da ƙananan motocin Ford a shekarun 1920 da 1930, ya yi amfani da dabarar haɗa bututu daga lagireto zuwa wani gwangwani mai ɗan ruwa. In ruwa ya tafasa, tururin ya tafi gwangwanin ya huce, in injin ya yi sanyi ya zuƙo abinsa. Shi ne kuma ya kafa rundunar sintirin sahara ta LRDG a Alƙahira a 1940. Da rundunar SAS ta David Stirling, wadda aka kafa a Kabrit kusa da Mashigin Suwais a 1941, ta samu jif, sai ta ɗauki wannan dabara, ta kuma yanke yawancin sandunan gaban motar don iska ta isa lagireto sosai. Da irin waɗannan motoci 18 suka afka filin jiragen Jamus na Sidi Hanaish a watan Yuli na 1942.

Wannan tarihi ya jawo wa Usɗa rigima iri biyu. Akwai mai zuwa da mota da aka yanke wa sanduna tun da daɗewa, yana so a yi walda a mayar, a shafe da fenti ta yi kyau. Akwai kuma mai zuwa da lafiyayyen gaba yana so a yanke, don ya riƙa cewa tasa ta je Sidi Hanaish. Dukansu shayi kawai suke sha su tafi. Na farko yana son share abin da ya faru, na biyu yana son ƙirƙiro abin da bai faru ba, kuma Usɗa bai ga wanda ya fi wani ba. Marubucin nan yana ganin dattijon ya ɗan tsananta wa na farko, tunda mota tasa ce kuma ba kowane yanka ne na soja ba. Amma ba Usɗa kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Motar Chevrolet ta LRDG da aka tsinta a saharar Masar a 1980 tana gidan tarihin yaƙi na Landan da tsatsarta, ba a yi mata fenti ba.

Ba jif ɗin Amurka kaɗai ta ratsa hannunsa ba. Bayan cinikin makamai na 1955 Masar ta karkata wajen Tarayyar Sobiyat, kuma lokacin da aka ɗauke shi aikin soja na dole, GAZ-69 ce ta cika barikoki, daga baya UAZ-469 ta biyo. Yana yaba musu juriya, yana tsine wa shan mansu. Sai iska ta sake juyawa: a 1977 aka kafa kamfanin Arab American Vehicles, haɗin gwiwar hukumar masana'antu ta Larabawa da American Motors, ya fara harhaɗa Jeep a Alƙahira a ƙarshen 1978. Usɗa kan yi dariya ya ce shi bai taɓa karanta jarida don sanin da wa gwamnati ke ɗasawa ba, girman sifanar da ke hannunsa ke gaya masa, ta inci ce ko ta milimita.

Wutar motar ma wani fagen gardama ne. Batirin Willys bolt 6 ne, kuma kusan duk wanda ya saye ta abin da yake fara nema shi ne a mayar da ita 12, wai ba ta tashi da wuri. Usɗa kan ce a bari ya duba tukuna. Yawanci sai a tarar wani ya sa mata siririn kebur na motar zamani, alhali wuta mai bolt 6 kebur mai kauri take so, ko kuma mai fenti ya shafe inda wayar ƙasa ke kama shasi. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure tam, ya taka sitata, sai ka ji ta amsa. Man fetur kuwa ba ta da tsirfa. An ƙera injin don mai maras ƙarfi, saboda haka fetur mai lamba 80, mafi araha a gidajen man Masar, ya wadatar da ita.

Busasshiyar iskar Alƙahira tana yi wa bodi rana. Motar da ta zauna a Iskandariyya ko ƙauyukan Delta ita ce abin tausayi, musamman ƙasan bodi, inda masana'anta suka cusa katako cikin ƙarafan da ke tallafe da daɓen motar. Katakon ya sha ruwa ya riƙe, ƙarfen ya ruɓe daga ciki. Nan ba ya yarda da cike rami da hoda a lulluɓe da fenti. A yanke, a sa sabon kwano.

A da in abu ya gagara sai a aika waje, tunda har yau akwai masu ƙera sabon bodin Willys a Filifin da dillalan kayanta a Turai. Amma tun da aka saki fam ɗin Masar a Nuwamba 2016, sannan a Maris 2024 dala ta tashi daga kimanin fam 31 zuwa wajen 50, kowane ɗan ƙarfe daga waje sai an yi shawara da aljihu. Sai Usɗa ya koma gidan jiya: ya leƙa shagunan Taufiƙiyya a tsakiyar gari, ya sayo ƙarfe a Sabtiyya, ya kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su fitar masa da irin wanda ya lalace. Sai dai akwai inda ba ya tsimi kuma ba ya neman na asali. Birkin wannan mota layi ɗaya ne, in bututu ɗaya ya fashe duka ƙafafu huɗu sun tafi, don haka bututun birki, robobinsa da tayoyi dole sababbi. Wani mai tara tsofaffin motoci ya taɓa dagewa sai an bar masa tayoyin da suka tsattsage saboda tambarinsu na da.

"Ya Hajji, ka rataye su a falo," in ji Usɗa. "Titi kuwa da 'ya'yan mutane a kai."

Masu ajiye mota a rufe da tamfol ma ba su tsira daga bakinsa ba. Motar da ba ta tafiya robobinta bushewa suke, fetur ya daskare a kafireto, birki ya kama. Shawararsa ita ce a fito da ita ranar Juma'a da sassafe, lokacin da titunan Alƙahira ke samun sararawa, a zaga har injin ya yi zafi sosai. Ba gudu, domin gajeriya ce mai tsayi, kwana ɗaya da ganganci sai ta kifa. Mai son gwada ta a rairayi ya nufi Fayyum wajen Wadi Rayyan, ya rage iskar taya kamar yadda su Bagnold suka koyar, ya tafi da mota ta biyu. Masu ɗokin bin sawun yaƙi a kewayen Alamain kuwa yakan tuna musu cewa nakiyoyin da aka binne a 1942 har yanzu suna tashi da makiyaya, kuma shiga can cikin saharar yamma sai da izinin hukuma.

Abin da ya fi damunsa yanzu yara ne. Kukan da kusan duk masu sana'ar hannu a Masar ke yi shi ma yana yi: yaro ya ga zai samu kuɗi a yini da tuƙin tuktuk, ɗan'uwan Adaidaita Sahu, me zai zaunar da shi shekaru yana wankin noti? Waɗanda suka tsaya kuma na'urar kwamfuta suke so su iya, su jona ta gaya musu ciwon mota, kuma bai ga laifinsu ba, can abinci yake. Saura ɗaya gare shi da ya iya saita tazarar kwantak rabin milimita, ya kuma san jerin tashin fulogi, 1-3-4-2, ba tare da ya duba waya ba.

Wannan yaron ne ma ya ci shi da gardama kwanan baya. Kwantak ɗin da ake samu a kasuwa yanzu ba shi da ƙarko, ɗan lokaci kaɗan ya ƙone, sai yaron ya kawo shawarar a sa ɗan na'urar lantarki da ke ɓuya cikin distiribita, ba mai gani daga waje. Usɗa ya yi ta gunaguni, daga baya ya ce, "To ɗana, sa mata." Sharaɗinsa biyu: a gaya wa mai motar, sannan a naɗe tsohon kwantak da kwandansa a tsumma mai mai, a ajiye a akwatin kayan aiki da ke saman tayar baya, saboda in na'urar ta mutu a tsakiyar Fayyum ba mai iya gyara ta da sukundireba.